Goggo Mai Guga da Minti Goma Sha Bakwai

A cocinmu ba a fara waƙa sai Goggo ta fara. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka. Fasto zai faɗi lambar waƙa, mutum ɗari biyu da 'yan kai su miƙe, kowa ya buɗe littafi kamar da gaske, sannan a yi tsit ana jiran wata dattijuwa a benci na uku, gefen taga, ta gama gyara zaninta. In ta gyara ta ja numfashi ta ɗauko, sai kowa ya bi bayanta da saurin da ta ga dama. Na ce sauri ne don ban sami wata kalmar ba. Na taɓa ganin wata mata ta fita da jaririnta a baiti na biyu, ta shayar da shi, ta canza masa ƙyalle, ta dawo ta tarar da mu a baiti na uku.

Guga ce sana'ar Goggo. Ɗakinta yana bayan kantin magani, taku goma sha ɗaya daga bakin titi. Tebur ɗaya ne da tsohon bargo a kai, dutsen guga biyu na gawayi, igiya uku daga bango zuwa bango, da kwanon ruwan da take tsoma yatsu tana yayyafa wa kaya. Mijinta direban bas ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, autan ko yaye shi ba a yi ba, kuma a kan teburin nan ta raine su har kowa ya kama gabansa. Ba ta yi makaranta ba, ba ta kuma riƙe littafin waƙa don a ce tana karantawa. Waƙa ɗari da goma sha biyu ne a kanta. Na sani, don na taɓa zaunar da ita muka ƙirga. Wata maƙwabciyarta mai wanki ce ta koya mata su tun tana amarya, ɗaya na wanki, ɗaya na guga, baki na aiki.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar mawaƙa. A gidan burodi nake aiki, inda minti uku ke raba burodi da gawayi, saboda haka ba na rabuwa da agogon auna lokaci. Goggo ba ta taɓa kirana da sunana ba. Agogo take ce mini.

Cocinmu ba shi da gini. Ɗakin taron wata makaranta muke aro, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Sha ɗaya na bugawa wata ikilisiya ke shiga, masu ƙaho da manyan ganguna, mutanen da ba su san makara ba. Tsakaninmu da su akwai Mai Makulli, wanda ke buɗe ɗakin ya rufe. A Lahadin farko ta makonni huɗun da muke jiran Kirsimeti, ranar da ake kunna kyandir na farko cikin huɗu, mun tashi ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da ɗaya. Mai Makulli ya tare Baba Ciyaman, shugaban dattawanmu, a bakin ƙofa.

"Baba, na yi magana, na yi magana, bakina ya gaji. Shugabar makaranta ta ce ranar Kirsimeti ce ta ƙarshe. In kun wuce sha ɗaya ko da minti ɗaya ne, safiya ta zama ta masu ƙaho, ku kuma ku koma ƙarfe biyun rana."

A ranar aka kira taron kwamiti, a ajin da ke kusa, manyan mutane shida a kan kujerun 'yan firamare, gwiwa tana gaida haɓa. Aka ce in karanto abin da na auna.

"Wa'azi, minti hamsin da huɗu."

Fasto ya cire tabarau ya shiga goge shi, kamar ana maganar wani fasto na wata ƙasa.

"Sanarwa, ashirin da ɗaya. Addu'ar Baba Ciyaman, goma sha uku."

"Ci gaba, 'yata, ci gaba," in ji Baba Ciyaman.

"Gaisuwar baƙi, tara. Karatu, takwas. Waƙoƙi huɗu, talatin da shida."

Nan take ajin ya farfaɗo. "Ashsha! Ashe ga inda ɓarnar take!" Mutanen da ko tari ba su yi ba a kan hamsin da huɗu, talatin da shida ta tayar musu da hankali. Mijin 'yar Fasto, wanda kowa ke kira Suruki, har miƙewa ya yi. Wata takwas ke nan da ya kawo piyanonsa na lantarki ya jingine bayan ƙofa cikin jaka, yana jiran ranar da Ubangiji zai tuna da shi.

"Ni dai ba don kaina nake faɗa ba," in ji shi. "Amma abin nan maɓalli ɗaya za ka danna, ya ba ka ganga, ya ba ka sauri, kowa ya bi dole. Waƙa huɗu, minti ashirin, an gama."

Baba Ciyaman ya gyaɗa kai. "Goggo ta yi hidima. Lokaci ya yi da za mu karrama ta."

A wurinmu in aka ce za a karrama mutum, to ya fara tattara kayansa. Za a ba shi takarda cikin gilashi, a tafa masa, daga ranar ba mai sake jin muryarsa.

Na ce, "Baba, ni zan rage sanarwa, in manna rabinta a jikin ƙofa. Waƙa kuma, in Goggo ta sauko da ita zuwa minti ashirin fa?"

Aka yi dariya, har da Fasto. Dariyar ce ta sa suka yarda. Aka rubuta cewa an ba ta zuwa kyandir na huɗu. In waƙa huɗu ba su shiga minti ashirin ba, Suruki ne zai jagoranci waƙar Kirsimeti, da ta bayan Kirsimeti. Da aka zo wa zai kai mata saƙo, sai kowa ya tuna cewa ni ce sakatariya.

Washegari da na tashi daga aiki na biya ta ɗakinta.

"Sannu da aiki, Goggo."

"Yauwa, Agogo. Shigo, ki kula da igiya. Kin zo ki karrama ni?"

"Wa ya gaya miki?"

"Matar Ciyaman ta kawo kwat ɗinsa tun da safe. Labarin yana cikin aljihu."

Na yi mata bayani da lamba, tana ji tana hura gawayi. Ta ɗora dutsen a kan kwat, sannan ta ce,

"Ni ban san ina jan waƙa ba. Yadda aka koya mini nake yi."

"Goggo, minti tara kowace waƙa. A tara ɗin nan ina fitar da tiren burodi goma sha biyu."

"To waƙar tire ce?" Ta yayyafa ruwa, tururi ya tashi. Can ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Kwana shida ina shafa kayan mutane. Ba mai sanin ina duniya sai ranar da na ƙona wa wani riga. Ranar Lahadi kuwa, mutum ɗari biyu ne ke tsaye suna jira in buɗe baki. Shi ne za ku ba wa akwati mai waya."

Na zauna a kan bokiti. Ita kuma ta koma aikinta, kuma kamar kullum bakinta ya kama waƙa. Hannuna ya danna agogo da kansa. Kwat ɗin Baba Ciyaman mai kauri ne, sai an danna an ja a hankali, kuma na lura layi ɗaya na waƙa tafiyar dutse ɗaya ce, daga wuya zuwa ƙasa. Baiti ɗaya, daƙiƙa casa'in da biyar. Da ta gama ta jawo wani ɗankwali shara-shara, irin wanda in dutse ya tsaya a kansa ya narke. Hannunta ya ɗauki gudu. Bakinta ma ya bi. Baiti ɗaya, daƙiƙa hamsin da biyu.

Na miƙe har bokitin ya kife. "Goggo! Sake!"

"Sake me? Ke lafiyarki?"

Ashe shekara talatin da ɗaya ikilisiya guda tana waƙa da saurin gugar kwat da bargo, don su aka fi kawo mata. Ba wanda ya sani, har ita.

Kafin Laraba na bi matan coci gida gida na tara ɗankwali shara-shara arba'in da uku. Na ce musu gugar Kirsimeti ce. Kullum in na tashi daga aiki sai in je, Goggo tana guga tana rera waƙoƙi huɗun da za a yi, ni ina kan bokiti da agogo. Ɗankwali ɗaya ya sha guga sau bakwai a makon nan. Ranar Asabar kowace waƙa ta shiga minti biyar. Na koma gida ina jin kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Aka kunna kyandir na biyu. Waƙa huɗu, minti talatin da huɗu.

Suruki ya wuce ta gabana bayan an tashi coci yana murmushi. "Sakatariya, an samu ci gaba. A haka kafin shekara bakwai za ku iso."

Amma ni na ga abin da ya faru, don ina bayan bencinta. Goggo tana waƙa hannunta na dama yana tafiya a kan cinyarta, gaba da baya, a kan zaninta na zuwa coci, mai kauri kamar labule. Hannun ya ji kauri, ya koma gidan jiya. Ranar Lahadi ta uku kafin a fara na miƙa mata ɗankwali mafi shara-shara cikin arba'in da ukun.

"Riƙe wannan a hannun hagu, ki riƙa shafa shi da dama."

"A coci? Mutane su ce na fara taɓuwa?"

"Su ce. Ko kin fi son takarda cikin gilashi?"

Ta fizge ɗankwalin. Ranar muka yi ashirin da shida. Ikilisiya ta sha wuya, don ba su saba ba. Mazan baya suna baiti na biyu mu muna na uku, Baba Ciyaman yana haki yana neman layi da yatsa.

Da yammar ranar ne muke zaga gidajen waɗanda tsufa ko ciwo ya hana zuwa coci, mu tsaya a bakin ƙofa mu yi musu waƙa biyu. Gida tara ne a takardata. Shekara da shekaru a gida na biyar rana ke faɗuwa, sauran huɗun a aika musu da gaisuwa da alkawarin baɗi. Wannan karon Goggo tana gaba da ɗankwalinta, mu ashirin da biyu muna biye, masu kanti suna leƙowa, wani mai gyaran keke har ya ajiye taya ya kama amshi. Muka isa gida na tara da sauran rana. Wani tsohon tela ne a ciki, 'yarsa ta fito da shi a kan kujera.

"Su wane ne?"

"Mawaƙan coci ne, Baba."

"Ikon Allah. Shekara shida. Ni na ɗauka an sanar da mutuwata ban ji ba."

Goggo ta ce, "Yi shiru, Tela, ka sha waƙa. Da wannan bakin naka ko mutuwa sai ta yi shawara."

Ya yi dariya, sannan da aka shiga baiti na biyu ya rufe fuska da hularsa. A hanyar dawowa Goggo ta tsayar da ni a bakin kantin magani. Ta ce, "Gobe ki zo da wuri."

Kyandir na huɗu: minti ashirin da daƙiƙa arba'in.

A taron kwamiti Suruki bai jira an zauna ba. "Ashirin aka ce. Ta wuce. Ni ba don kaina nake faɗa ba."

Baba Ciyaman ya dube ni. "'Yata, nawa ne?"

"Ashirin da daƙiƙa arba'in, Baba." Ba na ƙara wa lamba gishiri, ko don Goggo.

"Karanto abin da muka rubuta."

"Waƙa huɗu, minti ashirin."

"An ambaci daƙiƙa?"

"A'a."

"To ni tun da nake ban taɓa jin an ce wa mutum ya makara da daƙiƙa ba." Ya shafa gaban kwat ɗinsa, wanda ya kwanta lif kamar takarda. Mutum ɗaya ne a unguwar ya iya kwantar da kwat ɗin nan, kuma saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Adalci yakan zo ta hanyoyi da yawa. "Goggo za ta ɗauko waƙa. Amma in muka wuce sha ɗaya, maganar karramawa tana nan."

Ranar Kirsimeti na ƙirga mutum ɗari uku da goma sha huɗu, har da waɗanda ba a gani sai shekara shekara, suna zaune a gaba suna gyara wa masu zuwa kullum zama. Kyandir huɗu suna ci, an ƙara babba a tsakiya. Goggo ta shigo da sabon zani, ɗankwalin yana naɗe a hannunta. Ta kalle ni, na ɗaga mata agogo.

Ban taɓa jin irin wannan ba. Ta ɗauko waƙar farko kamar wadda ta tuna ta bar dutse a kan rigar mutane. Minti huɗu da rabi. Ta biyu, biyar. Ta uku, wadda ke ba da labarin makiyaya, baiti bakwai, ita ce wadda ta fi ƙauna, ta kora ta cikin minti biyar da rabi. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga tana satar numfashi a tsakiyar layi, zufa na bin kunnenta. Ta gama ta zauna. Ni kuma na karanta sanarwa cikin minti goma sha biyu, ban ko tsaya an tafa wa masu sabon aure ba.

Fasto ya hau mumbari. Ya buɗe Littafi, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya sake duba. Na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya sa hannu a aljihun tsohon wando ya ji kuɗi. Bai taɓa hawa mumbari ya tarar da fili haka ba.

"Ƙaunatattu," in ji shi, "yau da yake Ubangiji ya ba mu lokaci, bari mu koma baya kaɗan."

Bayan da ya koma shi ne farkon halitta. A minti na talatin muna cikin jirgin ruwa da dabbobi. A minti na hamsin da huɗu, inda ya saba sauka, annabawa ne suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga agogo sama, ya ce, "Amin, 'yar'uwa," ya ɗauka Ruhu ne ya taɓa ni. Masu ƙaho suka fara taruwa a tagogi. Wani ya gwada ƙahonsa sau ɗaya, a hankali, don ladabi. Mai Makulli ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullai. Sai a minti na sittin da takwas aka haifi Jaririn, a gurguje, aka kwantar da shi a komin dabbobi, aka ce amin.

Goggo ta miƙe ta yi waƙar rufewa cikin minti huɗu cif. Muka fito ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha biyu, muna ratsa masu ganguna, suna yi mana barka da Kirsimeti da fara'ar waɗanda suka gaji gida.

Taron kwamiti ya zauna bayan kwana biyu. Mai Makulli ya riga ya kawo saƙo: daga sabuwar shekara, ƙarfe biyun rana.

"To," in ji Suruki, "sharaɗi dai sharaɗi ne. An wuce sha ɗaya."

Na ce, "Bari in karanto." Ban jira izini ba. "Waƙoƙi huɗu, minti goma sha tara. A da talatin da shida ne. Goggo ta rage goma sha bakwai. Wa'azi, saba'in da ɗaya. A da hamsin da huɗu ne. An ƙara goma sha bakwai. Na kawo kwafi shida, kowa ya ɗauki ɗaya."

Ba wanda ya miƙa hannu. Fasto ya cire tabarau.

"Saƙon ranar yana da nauyi," in ji shi.

"Ƙwarai, Fasto," in ji Baba Ciyaman. "Mun ji nauyinsa." Ya dubi takardar daga nesa, ya dubi Suruki. "Ƙarfe biyu akwai wanda ke shiga bayanmu?"

"Babu, Baba," na ce. "Sai Litinin."

"To gaggawar me ake yi? Goggo ta ci gaba da ɗauko waƙarta. Kai kuma ɗana, wannan abin naka, ka riƙa kaɗa mana shi a hankali lokacin da mutane ke shigowa. Magana ta gaba."

Lahadin farko ta sabuwar shekara muka taru ƙarfe biyu, kwanon rufi yana ƙara don zafi, fanka uku cikin biyar suna aiki, kowa ya ci ya ƙoshi yana yaƙi da barci. Fasto ya faɗi lambar waƙar sabuwar shekara. Muka miƙe, muka buɗe, muka jira. Goggo ta gyara zaninta, ta ja numfashi, ta ɗauko waƙar makiyaya.

Fasto ya buɗe baki ya rufe. Aka yi ta jujjuya shafi, sannan aka bi ta, don ba mu san wata hanyar ba. Baiti bakwai, ba ta bar ko ɗaya ba. Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin.

Da aka tashi na same ta a bakin ƙofa tana neman takalminta ɗaya.

"Goggo, Kirsimeti fa ya wuce."

"Na sani. Amma waƙar nan ba mu yi ta ba ranar, gudu muka yi da ita. Makiyayan ko zama ba su yi ba muka kore su." Ta zura ƙafa a takalmi. "Ki gaya wa matan nan su zo su kwashe ɗankwalayensu, sun cika mini igiya. Saura ma waƙa uku da ban gyara ba."

"Duka ukun za ki sake?"

"Ɗaya ɗaya, kowace Lahadi. Wa ke jiranmu?"